Ɗakin da Ke Shan Murya

Da sunan Allah na fara, wanda ya rarraba harsuna ya ba kowace al'umma nata. Ni ce Barira, haifaffiyar wani ƙauye kusa da Mirriya a ƙasar Damagaram. Ban yi allo mai nisa ba, ban taka ƙofar lakwal ta boko ba. 'Yata Rakiya ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, kuma na hana ta gyara mini magana. In kun ga zance ya tsinke a wani wuri, kuka ne ya tsayar da ni, don har yau ban iya ambaton Malam, mijina, da busasshen ido ba. Allah ya ji ƙansa.

Abin da ya sa na zaunar da ita shi ne wani suna da aka yi a nan Rillieux-la-Pape, gefen birnin Lyon. Ina zaune cikin mata sai wata budurwa ta ce, "Inna, wai da gaske aikin da kika yi a Faransa surutu ne? C'est tout? Shi ke nan?" Ƙawayenta suka kwashe da dariya. Wata ta ce ita ma a kai ta, ai tun safe take yi kyauta. Ban ce musu komai ba ranar. Yanzu zan ce.

Malam gadi yake yi a wata babbar makaranta a Paris, mu kuwa muna zaune a Sevran, can bayan gari, a bene hawa na tara. Wata rana wata malama mai binciken sautin harsuna, Madam Odil, ta ji shi yana gaisawa da ƙanensa a waya. Ta tsaya har ya gama, kuma kun san gaisuwar Malam ba ta ƙarewa da wuri. Ta tambaye shi ko ya san mai jin Hausa wanda bai taɓa ganin maganarsa a takarda ba. Ta ce masu karatu in aka ba su kalma, takardar suke faɗa, ita kuwa kalmar take so. Ya dawo gida yana dariya tun daga ƙofa.

"Hajiya, yau rashin karatunki ya samo miki aiki."

Na ce, "To, Malam, naka karatun me ya samo maka, ban da tsaron ƙofa?"

Ranar farko na yi shiri irin na zuwa biki. Na ɗaura sabuwar shadda mai ƙyalli, na zuba awarwaro har gwiwar hannu. Aka kai ni wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ƙofarsa mai kauri kamar ta firiji, bangonsa an manne shi da soso mai tudu da kwari kamar kwalin ƙwai. Da aka rufe, shiru ya faɗo mini irin wanda ban taɓa ji ba ko a daji. Har gudun jinina nake ji a kunne. Madam Odil ta ce, "Bangon nan shan murya yake yi, ba ya mayarwa. Abin da mikro bai kama ba ya tafi ke nan." Mikro shi ne ƙarfen da ake magana a cikinsa. Akwai tagar gilashi guda, ta bayanta Madam ke zama da na'urarta, can gefe kuma wani benci inda Malam ya zauna. Yana ganina, ba ya jina.

Na yi magana kaɗan, sai ta kifa mini kaske a kunne don in ji abin da aka ɗauka. Na ji ruwan sama yana dukan kwano, na ji maƙeri yana aiki. Ruwan nan shaddata ce, maƙerin kuwa awarwarona. Can ƙasa kuma wata tsohuwa tana magana da muryar mahaifiyata. Na cire kasken na duba bayana. Ashe ni ce. Tun daga ranar kayan aikina tsohuwar atamfa ce wadda wanki ya kashe, ba sarƙa, ba 'yan kunne. Da muka fito Malam ya ce, "Da ana sayar da irin ɗakin nan, da na kafa ɗaya a gida."

Kuskurena na biyu tarbiyya ce ta jawo shi. Aka zaunar da wani ɗalibi mai gemu a gaban gilashin. Ni kuwa yadda aka rene ni, in namiji baƙo yana gabanka sai ka sunkuyar da kai ka sassauta murya. Mikro ya rasa ni. Aikin yini guda ya lalace saboda kunya. Sai Madam ta manna jan ɗigo a kan gilashin daidai idona, ta ce nan zan riƙa kallo, tsakanin bakina da mikro yatsa huɗu, ba ƙari ba ragi. Wata uku na yi kafin wuyana ya yarda.

Ga yadda aikin yake. Tun da ba na karatu, katuna ake nuna mini masu hoto. A ɗaga hoton kifi, in ce, "Na ce kifi jiya." Sau goma, kuma na goman ya zama ɗaya da na farkon. Ku gwada. Kafin na bakwai kalmar ta mutu a bakinku, ko kuwa kun fara rera ta kamar waƙa, kuma duka biyun ɓarna ne. Ba a cin goro kafin a shiga, ba a cin yaji, ba a shan nono. Ba a zuwa da azumi, don baki yana bushewa ya riƙa ƙas-ƙas, ciki kuma yana da nasa zancen da mikro ke ji sarai. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, da ɗan yankin tuffa in miyau ya yi kauri. Akwai ranar da ake ɗaura maka wani abu a hanci don a auna iskar da ke fita ta nan. Akwai ranar da ake shafa maka garin gawayi da man zaitun a harshe, ka faɗi kalma ɗaya tak, a sa madubi a baki a ɗauki hoton inda harshen ya taɓa. Na koma gida da baƙin baki kamar na ci tukunya. Amma na ga sawun harshena a ganɗata, wuri daban ga kowane sauti, kamar sawun tsuntsu a bakin tafki. Shekara hamsin yana wannan tafiyar a cikin bakina ban sani ba.

Ɗalibai su ne masu zuwa wurinmu, kuma iri-iri ne. Wanda ya fi wuya shi ne mai zuwa da amsarsa a littafi, yana so ka faɗa masa ita. Wani ya taɓa matsa mini a kan wata kalma, wai haka aka rubuta. Na ce, "Ɗana, a garinmu ko akuya ba a kira haka." Ya ji haushi. Madam ta ce masa saboda wannan ne take riƙe da ni. Mai wannan sana'a ba ya faɗin abin da zai faranta wa mai tambaya. Abin da ke bakin mutanensa yake faɗa, in bai sani ba ya ce bai sani ba.

Doka mafi girma kuwa ita ce murya ɗaya daga farkon aiki har ƙarshensa. In ta sauya a tsakiya, ba a iya gwada na baya da na gaba, sai a ajiye duka. Na san wani dattijo da ya sa sababbin haƙora, aikinsa na shekara uku ya tafi a banza. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da Malam ya ajiye aiki muka dawo Lyon kusa da Rakiya. Allah ya sa Madam ma aka mayar da ita nan, ta kuma ɗauko wani babban aiki na shekara huɗu. Harsuna uku za a gwada daga kusurwa uku na duniya, waɗanda duk jan sauti ke sauya musu ma'ana, yadda a wurinmu garin da ake zama ya bambanta da garin da ake tuwo. Hausa ɗaya, sai harshen Sinhala, sai harshen Maori. Tsofaffi uku aka samo. Malam ya ce, "To, Hausa za ta zauna tsakanin teku biyu." Ya fi ni murna. Duk wanda ya gamu da shi a masallaci sai ya ji labarin.

Kumari ce mai Sinhala, 'yar tsibirin Siri Lanka, siririya mai sanyin tafiya, ta yi shekaru tana renon 'ya'yan mutane a Paris. Mere ce mai Maori, daga wani tsibiri da Malam ya nuna mini a ƙasan ƙwallon duniya, inda in muna rana su suna dare. Ƙatuwar mace ce mai zanen shuni a haɓa. Ɗanta yana buga ƙwallon nan mai kama da ƙwai a wata ƙungiya kusa da Lyon, ita kuma ta zo renon jikoki. Mere ba ta da Faransanci sosai, ni ba ni da Ingilishi, Kumari ce ke tsakaninmu tana kai magana tana kawowa.

Ranar da muka fara haɗuwa kowa ta yi gaisuwar gidansu. Kumari ta haɗa tafin hannu a ƙirji, ta faɗi kalma ɗaya, wai tana roƙa mini tsawon rai. Ni na fara jero tawa, gida da gajiya da yara da sanyi. Ban kai rabi ba Mere ta kama kafaɗuna ta ɗora hancinta a kan nawa. Na ja da baya har na taka ƙafar Malam. Kumari ta ce, "Akka, kada ki ji tsoro, numfashi take raba muku." Akka a harshensu yaya ce, kuma haka ta kira ni har muka rabu.

Katuna ɗaya ake nuna mana duka. Muna jiran layi a benci, wani lokaci Madam takan ba mu kaske mu saurari wadda ke ciki. A nan na ji ikon Allah da kunnena. A ɗaga hoton farin wata, Kumari ta ce handa, amma rabin kalmar ta hanci yake bi, ɗan gajere, kamar an taɓa ƙofa ba a buga ba. Mere ta ce marama, baki a buɗe daga farko har ƙarshe. A ɗaga kifi, wannan ta ce malu tana jan farkon, waccan ta ce ika. A ɗaga ɗaki, Kumari ta ce gedara, Mere ta ce fare tana hura iska a leɓe.

Harshen Mere ba ya rufe baki. Kowace kalma a buɗe take ƙarewa, kuma sautukansa kaɗan ne, yaro zai ƙirga su. Na yi ta mamakin yadda ɗan wannan kayan ya ishi mutane su yi faɗa, su yi ciniki, su yi soyayya, su binne matattunsu. Harshen Kumari kuwa cike yake da wuraren tsayawa. Takan danne sauti ta riƙe shi kafin ta saki, kamar mai daka da ke tsayar da taɓarya a cikin turmi. Tana da wasu sautuka da harshe ke naɗewa baya ya taɓa can sama, irin waɗanda suka sa na yi ta gwadawa a madafa har Malam ya tambaya ko ƙaya ce ta maƙale mini.

Jerin maganarsu ma daban. In Mere za ta ce yaro ya ci kifi, da cin take farawa, sannan ka ji wanda ya ci. Kumari kuwa sai ta ajiye yaro, ta ajiye kifi, ta riƙe cin sai ƙarshe, dole ka jira ta. Na ce musu halinsu ke nan. Mere ta ce, "Ke fa?" Na ce mu muna sa shi a tsakiya don kada kowa ya ji haushi.

Madam ta gaya mana cewa harshen Kumari ɗan'uwan Faransanci ne na nesa, kakansu ɗaya can da daɗewa. Kumari ta ce, "To me ya sa masu ba da takardar zama ba su gane ni 'yar gida ce ba?" Na Mere kuwa, wai danginsa sun bazu a kan teku tsibiri bayan tsibiri har Madagaskar, nan gefen Afirka, kuma a kwalekwale mutane suka kai shi, suna bin taurari. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, na kwana uku ina juya wannan a raina. Mutum ya bar ƙasarsa ba shi da komai sai abin da ke bakinsa, kuma bayan kakanni ba adadi a je a same shi a bakin jikokinsa.

Kumari ta taɓa rubuta mini sunana da rubutunsu. Duk baƙaƙen a lanƙwashe suke kamar wake a cikin ɓawo. Ta ce a ganyen giginya kakanninsu ke rubutu, miƙaƙƙen layi yana tsaga ganye, shi ya sa hannunsu ya koyi zagaye. Mere ta ce nata kakannin a ka suke ajiya. Ta miƙe ta jero sunayen iyayenta ɗaya bayan ɗaya har kan wanda ya tuƙo kwalekwalen farko, ba ta yi tuntuɓe ba. Ranar ban ji kunyar rashin karatuna ba.

Amma na yi karatu daga baya, irin nawa. Na'urar Madam tana mayar da murya zane a allo, baƙi da fari. Ni kuwa 'yar masu saƙar tabarma ce, idona ya san zubi. Cikin shekara guda na fara gane su. Zanen Mere dogayen baƙaƙen layuka ne masu bin juna, tsagar da ke tsakaninsu 'yar siririya. Na Kumari yana da faffaɗan farin gibi a duk inda ta danne sauti, wurin da numfashi ya tsaya cak. Nawa yana hawa yana sauka. Ɗalibai sukan rufe sunan su tambaye ni, in ce wannan Mere ce, kuma da mura. Su duba su ga haka ne.

Wani abu kuma da na gwada tsakaninsu, wanda ba ya fita a allo. Masu harshen Kumari suna da yawa a ƙasarsu, da rediyo da littattafai, amma jikokinta a Paris da Faransanci suke amsa mata. Masu harshen Mere sun taɓa raguwa har aka fara yi masa kallon mai mutuwa. Ta ce an doki mahaifiyarta a makaranta saboda shi, ita a wurin kakarta ta tsince shi. Sai tsofaffin mata suka riƙa tara jarirai suna yi musu magana da shi tun kafin su yi haƙori, ya sake tashi. Jikokinta a Lyon da shi suke faɗa. Ni kuwa na san da wane harshe 'ya'yan Rakiya ke amsa mini.

Mere ba ta shiga ɗakin nan sai ta tsaya a ƙofa ta faɗi dutsen garinsu, da kogin garinsu, da sunayen matattunta. Wata rana ta nuna Malam da haɓa ta ce, "Wannan mai tarmos ɗin shayi, yaya sunansa?"

Na ce, "Malam."

"Wannan ai kowa Malam ne a wurinku. Sunansa."

Na ce ba na faɗa. Shekara arba'in da ɗaya muna tare bai taɓa fita daga bakina ba, haka uwata ta yi, haka kakata. Mere ta zaro ido. Kumari ta yi murmushi ta ce ita ma a ƙauyensu uban yara ake cewa. Mere ta dube mu ta ce, "To in ya faɗa ruwa fa, me za ku kira?" Aka fassara wa Malam, ya ce a gaya mata shi ya sa ya auri 'yar ƙasar da ba ruwa.

A shekara ta huɗu Malam ya rasu. Ciwon kwana tara, ranar Talata da hantsi. Rakiya, dakata.

To. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ban fita ba. Kumari ta zo da fararen kaya da tukunyar shinkafa, ta ce a wurinsu ba a hura wuta a gidan rasuwa, maƙwabta ke ciyarwa. Mere ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka da murya, tana yi wa Malam magana da harshenta kamar yana zaune a falo, har matan da suka zo gaisuwa suka firgita. Ni kuwa na daure. Kowa ya shigo sai ya ce Hajiya akwai haƙuri, ni kuma in ƙara haɗiyewa.

Da na fita takaba, su biyun sun gama nasu. Ni katuna arba'in suka rage mini, kuma ƙarshen watan za a rufe aikin a ba wasu ɗakin. Na shiga, na daidaita yatsa huɗu, na ɗaga kai wajen jan ɗigon. Ta gefen ɗigon ana hango bencin, ba kowa a kai. Aka ɗaga kifi. Abin da ya fito daga bakina ba nawa ba ne. Siriri ne, yana rawa, yana tsinkewa kafin ƙarshe. Ba sai an gaya mini ba, na gani a allo, tabarma ce da gara ta ci. Na sha ruwan ɗumi, na ci tuffa, aka sa takarda aka rufe gefen gilashin. Sau uku ina zuwa a mako biyu, duk ɗaya.

Madam ta zaunar da ni ta ce, "Madam Barira, ba zan ɓoye miki ba. Juma'a ce ta ƙarshe. In bai yiwu ba, aikin zai fita da harsuna biyu." Ta faɗa da tausayi, amma na san dokar kafin ta faɗa. Shekara huɗu za a ajiye, kamar na dattijon nan mai haƙora. Abin da Malam ya gama shelantawa a masallaci ba zai kasance ba.

Ranar Juma'a da safe na tarar da su biyun a bakin ɗakin, ba wanda ya kira su. Mere ta sa tafin hannunta a maƙogwarona ta yi magana, Kumari ta juya mini.

"Ta ce kin haɗiye mutum guda, ta ina magana za ta wuce?"

Na ce, "Gaya mata mu haƙuri aka koya mana."

"Ta ce su sukan kira mamaci da sunansa, su ce masa ya tafi, an sallame shi."

"Gaya mata ba a yin haka a wurinmu. Me zan ce wa uwata in mun haɗu?"

Kumari ba ta fassara wannan ba. Ta ce, "Akka, ni na gane." Mere ta ɗaga kafaɗa, ta cire takardar da aka rufe gefen gilashin da ita, ta je ta zauna a bencin, daidai wurin Malam, bencin ya yi ƙara.

Na shiga aka rufe ƙofa. Shirun nan ya sauko. Na dubi soson bangon, sai maganar ranar farko ta dawo mini: abin da mikro bai kama ba ya tafi ke nan. Na ƙwanƙwasa gilashi na ce wa Madam ta kashe na'urar, ta nuna mini jar wutar ta mutu, ta cire kaskenta. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta zare igiyar ta ɗaga mini ita, ta fita. Kumari ta taɓa Mere, su biyun suka juya mini baya.

Na gyara zama. Yatsa huɗu daga mataccen mikro, kai a ɗage, yadda sana'a ta koya mini. Na faɗi sunansa. Sau ɗaya, da cikakkiyar murya, ban sassauta ba. Na ji yadda harshena ya bi hanyar da bai taɓa bi ba, ya taɓa nan ya taɓa can, gajeren suna ne ashe. Bango ya shanye. Na ce masa na yafe masa, shi ma ya yafe mini, na yi masa addu'a. Sannan abin da na tara wata biyar ya zubo.

Mai wannan sana'a ya san ba a ɗaukar murya bayan kuka, don hanci a toshe yake, duk sautin da ke bi ta nan ya lalace. Madam ta ba ni sa'a biyu, ta kori ɗalibin da ke da layi bayana. Kumari ta zuba mini shayin citta da wasu ƙwayoyi na ƙasarsu, Mere tana murza mini baya da hannunta mai nauyi. Ba wadda ta tambaye ni abin da na faɗa. Na yi azahar a lungun ɗakin a kan gyalena. Da hancina ya buɗe na koma.

Aka ɗaga kati. "Na ce kifi jiya." Sau goma. Aka ɗaga farin wata, aka ɗaga ɗaki, aka ɗaga hannu. Kafin la'asar sakaliya mun gama arba'in ɗin. Madam ta jera zanen bara da na ranar a allo, ta kira ni.

"Ke ce mai karanta su. Me kika gani?"

Na duba da kyau, don ba zan faɗi abin da zai faranta mata ba ko da aikin zai tafi. Na ce, "Tabarma ɗaya ce. Ta dai sha zama."

Ta auna da na'urarta har sau biyu, ta ce ya shiga. Mere ta kama kafaɗuna ta ɗora hancinta a kan nawa. Wannan karon ban ja da baya ba.

Aikin ya fita da harsuna uku. An ba ni littafin, yana cikin akwatina, ba na iya karanta shi sai shafukan zanen. Mere ta koma tsibirinsu da ɗanta ya daina wasa. Kumari tana Paris, mukan gaisa a waya, a gajarce, don ƙafafunta da kunnena duk sun tsufa. Muryoyinmu uku suna ajiye wuri ɗaya, an ce ko bayan ba mu wanda ya nema zai ji. Ku masu cewa surutu ne, ku je ku saurara, sannan ku zo ku ce mini kifi sau goma. Da Hausa.

Rakiya tana tambaya ko ta saka sunan babanta a nan ƙarshe, don masu karatu su yi masa addu'a. Na ce ta bari, su ce mijin Barira, Allah ya san wanda ake nufi. Ni na faɗe shi sau ɗaya, kuma na san inda na ajiye shi.